Darussan Aji Da Ke Koya Wa Ɗaliban Zane-zane Ƙirƙira Da Iya Bayani

Yawancin ɗaliban da ke shiga sashen zane-zane a kwalejojin ilimi, kwalejojin fasaha da jami'o'in Najeriya suna zuwa ne da baiwa guda: iya kwaikwayo. Tun suna sakandare aka san su da zana fuskar mutum ta fito kamar an ɗauke ta da kyamara, kuma a kan haka aka riƙa yabon su.

Sai dai abin da ke jiran su bayan kammala karatu ya zarce haka. Mai kamfanin da ke neman tambari yana so a kawo masa tunanin da bai gani a wani wuri ba, a kuma gamsar da shi dalilin zaɓen launi kaza. Shugaban makarantar da zai ɗauki malamin zane yana neman wanda zai tsaya gaban yara ya yi bayani su fahimta. Ga shi kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun sa fitar da hoto mai kama da na gaske ya zama aikin daƙiƙu kaɗan, abin da ya rage wa kwaikwayo zalla daraja a kasuwa.

Saboda haka nauyin da ke kan malamin zane a babbar makaranta iri biyu ne: ya koya wa ɗalibi haifar da sabon tunani, ya kuma koya masa faɗin wannan tunani da baki da alƙalami. Mutane da dama suna ɗaukar duka biyun a matsayin baiwar da ake haifar mutum da ita. Tarihin koyar da zane ya nuna cewa ana horar da su kamar yadda ake horar da hannu, ta hanyar ayyukan aji waɗanda yawancinsu ba sa cin kuɗi.

Darasin Zariya

A shekarar 1955 aka mayar da sashen zane-zane na Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya daga Ibadan zuwa Zariya, sashen da ya zama wani ɓangare na Jami'ar Ahmadu Bello lokacin da aka kafa ta a 1962. Yawancin malaman wancan lokaci Turawan Ingila ne, tsarin karatun ma irin na makarantun zane na can ne.

A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da daga baya aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Sukan haɗu su tattauna ayyukansu, su yi muhawara a kan abin da ya kamata zanen ɗan Najeriya ya ƙunsa a ƙasar da ke dab da samun 'yanci. Matsayar da suka cimma ita ce a riƙe dabarun da aka koya daga Turawa, a haɗa su da fasahar da kowa ya gada a gidansu. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyi da alamomin Urhobo.

Ƙungiyar ta yi kimanin shekara uku kacal, amma tasirinta ya bi mambobinta har inda suka koyar: Okeke a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, Grillo a Kwalejin Fasaha ta Yaba da ke Legas. Abubuwa uku suka yi musu jagora, wato bincike a gida, gwaji da hannu, da tattaunawa a tsakaninsu. Abin da suka yi don raɗin kansu a wajen aji, malamin yau yana iya shigar da shi cikin jadawalin darasi.

Koyon gani kafin koyon zane

Matsala ta farko da sabon ɗalibi ke fama da ita ita ce yana zana abin da ya haddace a ka, ya bar abin da ke gabansa. In aka ce ya zana ido, sai ya fitar da siffar da ya saba tun yana firamare, ko da idon da yake kallo ya sha bamban da ita.

Kimon Nicolaides, wani malamin zane a birnin New York na Amurka, ya shahara da wata dabara da ke cikin littafinsa da ya fito a 1941. Ɗalibi zai kafa ido a kan abu, misali tafin hannunsa ko tulu, ya bi gefensa da ido a hankali, fensir na tafiya tare da idon, ba tare da ya kalli takarda ko sau ɗaya ba. Abin da ke fitowa yakan karkace ya ba da dariya. Amfaninsa ke nan: tun da kowa ya san ba za a samu zane mai kyau ba, tsoron kuskure yana gushewa, ido kuma ya fara lura da lanƙwasa da tsagar da a da yake tsallakewa.

Akwai kuma zanen sauri. Malami yakan fita da aji zuwa tasha ko bakin kasuwa, ya ba da minti ɗaya ga kowane zane. Mai tura baro ba zai tsaya jiran kowa ba, don haka dole ɗalibi ya yanke shawarar wane layi ne ya ɗauki nauyin motsin, ya bar sauran. Wannan zaɓe shi ne matakin farko na tunani a aikin zane.

Ƙarancin kaya a matsayin darasi

A makarantar Bauhaus da aka kafa a Jamus a 1919, kowane sabon ɗalibi sai ya bi ta wani kwas na share fage. Josef Albers, ɗaya daga cikin malaman kwas ɗin, yakan ba ɗalibai takarda kawai, wani lokaci tsofaffin jaridu, ya nemi su gano abin da takarda za ta iya yi in an ninke ta, an yanka ko an murɗa. Wanda bai da fenti da zai ɓoye raunin tunaninsa, dole ya yi tunanin.

Wannan darasi ya dace da halin da sassan zane da yawa ke ciki a ƙasar nan, inda kuɗin fenti da kyallen zane ya fi ƙarfin ɗalibai. El Anatsui, ɗan ƙasar Ghana da ya fara koyarwa a Nsukka a 1975, ya yi suna a duniya da manyan ayyukan da ke kama da mayafi, waɗanda ya haɗa da murafen kwalabe da wayar tagulla. A 2015 aka karrama shi da babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Venice a Italiya.

Malami na iya ba da mako guda, ya ce kowa ya kawo aiki daga abu ɗaya tak da ya tsinta kyauta: ledar ruwa, karan dawa, ƙyallayen da tela ya zubar, ko ɓawon gyaɗa. Sharaɗin shi ne ɗalibi ya bayyana abin da kayan ya yarda a yi da shi da abin da ya ƙi.

Wani aikin mai kama da wannan shi ne na yawan zubi. Kafin a taɓa babbar takarda, sai kowa ya kawo ƙananan zane ashirin a kan jigo ɗaya, misali dagin Arewa. Biyar na farko yawanci abin da kowa ya sani ne. Daga na goma ɗalibi ya ƙarar da abin da ya haddace, sai ya fara warware dagin, ya miƙar da shi, ya yanke rabinsa, ya mayar da shi tsarin saƙa ko taswirar unguwa. Sau da yawa tunanin da ya cancanci a gina aiki a kansa yana cikin na ƙarshe-ƙarshe.

Fita zuwa wurin masu sana'a

Arewacin Najeriya cike yake da makarantun fasaha marasa allo: marinar Ƙofar Mata a Kano, masu ɗinkin aska takwas a babbar riga, masu zayyanar Alƙur'ani, dukawa, masu zanen ƙwarya, da magina masu ado a bango, magadan aikin da Babban Gwani ya bari a Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19.

Aikin da ya fi amfani a nan shi ne a tura ɗalibai biyu-biyu su zauna da mai sana'a, su tambaye shi sunan kowane zubi, dalilinsa da yadda ya koya, sannan su dawo su yi wa aji bayani na minti biyar, su kuma yi sabon aiki daga abin da suka gano, ba tare da sun kwafe shi ba. Ɗalibi yana koyon gaisuwa da neman izini, da yin tambayar da za ta buɗe bakin dattijo, da saurare.

Tarihin Ladi Kwali ya nuna abin da irin wannan haɗuwa ke haifarwa. Ta ƙware a ginin tukwane irin na Gbagyi kafin a 1954 ta shiga cibiyar koyar da tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu. A can ta haɗa adon da ta gada da sabuwar dabarar gashi da sheƙi. Hotonta ne ke bayan takardar Naira 20.

Wannan fage yana kuma sauƙaƙa wa iyaye da ɗaliban da ke ɗari-ɗari da zana mai rai saboda dalilin addini, domin duk waɗannan darussa ana iya yin su da zayyana, rini, saƙa da tsarin gini.

Aikin haɗin gwiwa

A wajajen 1925 wasu masu fasaha a birnin Paris suka ƙirƙiro wani wasa: a ninke takarda, mutum na farko ya yi zane a sashe ɗaya ya rufe, ya bar bakin layi kaɗan, na biyu ya ɗora ba tare da ya ga na farko ba. In an buɗe, sai a ga abin da babu ɗayansu da zai iya kawowa shi kaɗai. A aji, wasan yana raba ɗalibi da ɗabi'ar rungume aikinsa kamar ba mai iya ƙara masa komai.

Don horar da harshe kai tsaye, ana zaunar da ɗalibai biyu su juya wa juna baya. Ɗaya yana riƙe da hoto yana siffanta shi, ɗayan yana zana abin da ya ji. In aka gwada zanen da hoton, mai bayani yana ganin inda kalmominsa suka gaza. Wanda ya ce "wani abu a gefe" zai gane dole ya faɗi wane gefe, girmansa, da nisansa daga tsakiya.

Zaman tarke

Zuciyar koyar da zane a babbar makaranta ita ce zaman da ake kafa ayyuka a bango a tattauna su. A nan ne kuma aka fi samun matsala. Ko dai malami ya yi magana shi kaɗai, ko ɗalibai su tsaya a "ya yi kyau" don gudun ɓata wa aboki rai. Kunya da girmama na gaba, waɗanda tarbiyya ce mai kyau, sukan sa wasu, musamman ɗalibai mata a aji mai rinjayen maza, su shafe zango ba su ce uffan ba.

Maganin shi ne a ba zaman tsari. Edmund Feldman, wani malamin jami'a a Amurka, ya raba tarke zuwa matakai huɗu: a faɗi abin da ake gani, a duba yadda aka tsara shi, a fassara abin da yake nufi, sannan a yanke hukunci a ƙarshe. Ɗalibin da ke tsoron cewa aiki bai yi ba, ba zai ji nauyin cewa yana ganin jan layi uku a hagu ba. Da ya buɗe baki a mataki na farko, na biyu yana zuwa da sauƙi.

Abigail Housen da Philip Yenawine kuma sun tsara wata hanya da ta dogara da tambayoyi uku: me ke faruwa a hoton, me mai magana ya gani da ya sa ya faɗi haka, kuma me za a ƙara ganowa. Tambaya ta biyu ce ke hana zancen fatar baki, domin tana tilasta kawo hujja daga cikin aikin.

Yana da kyau mai aikin ya yi shiru har sai kowa ya gama, yana rubuta abin da ya ji. A nan zai ga tazarar da ke tsakanin abin da ya nufa da abin da ya isa ga mai kallo. Haka nan, barin ɗalibi ya fara bayyana tunaninsa da Hausa ko wani harshen da ya fi sakewa da shi, kafin ya mayar da shi Ingilishi a rubuce, yakan fito da abin da tsoron kuskuren nahawu ke dannewa.

Bayan zaman, kowa ya rubuta bayanin aikinsa cikin kalmomi ɗari, ya karanta wa wanda bai taɓa shiga sashen zane ba. In mai sauraro bai gane ba, a sake rubutawa.

Inda maki yake

Duk waɗannan ayyuka za su zama wasa a idon ɗalibi muddin maki yana kan kyan aikin ƙarshe kawai. Wanda ya san gwajin da bai yi nasara ba zai jawo masa faɗuwa, ba zai yi gwaji ba. Don haka ya kamata a ware wani kaso na maki ga littafin zanen ɗalibi, da yawan hanyoyin da ya gwada, da gudummawarsa a zaman tarke. Hukumomin NCCE, NBTE da NUC suna gindaya mafi ƙarancin abin da za a koyar a kwalejojin ilimi, kwalejojin fasaha da jami'o'i, amma yadda za a tafiyar da awannin aji yana hannun malami da sashensa.

Cunkoso ma ba ya hana yin su. Aji mai mutum sittin ana iya raba shi gida goma, kowane rukuni ya yi nasa tarken a lokaci guda, malami yana zagayawa.

Lamarin ya fi muhimmanci a kwalejojin ilimi, domin masu shaidar NCE su ne ke koyar da darasin al'adu da fasaha a firamare da ƙaramar sakandare. Malamin da aka horar da shi a kan kwafe kawai, zai zana mangwaro a allo ya ce yara su kwafa. Wanda ya saba a tambaye shi me ya gani da ya sa ya faɗi haka, zai yi wa yaransa wannan tambaya.

Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin ɗaliban 1958, ya buɗe wani taron bita na shekara-shekara a garinsu Agbarha-Otor da ke Jihar Delta a 1998, inda malaman jami'a, ɗalibai da masu sana'ar hannu ke aiki wuri guda da rana, su zauna tattaunawa da dare. Tsari ne da kowane sashen zane a ƙasar nan ke iya kwaikwayonsa da kayan da ke hannunsa.