Kai Ke Raba Dare, Zuciyarka Ke Biyan Bashin

Yau maganar barci za mu yi, da abin da ƙarancinsa ke yi wa zuciya da jijiyoyin jini.

Zuciyarka tana bugawa kusan sau dubu 100 a kullum, ba ta da ranar hutu. Ɗan sauƙin da take samu a cikin barci ne. A lokacin bugunta yana raguwa, ƙarfin da jini ke danna jijiyoyi ya sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari.

To idan kullum sai ƙarfe biyu ko uku na dare kana TikTok saboda datar dare ta fi arha, ga sallar asuba, ga lakca ko kasuwa, me ke faruwa? Jiki yana ɗauka ana cikin tashin hankali ne. Sinadaran fargaba irin su kotisol da adirenalin su ƙi sauka yadda ya kamata, jijiyoyi su zauna a tsuke. A hankali shimfiɗar cikin jijiyar, wadda ke sa ta saki jini ya wuce, ta raunana, kitse ya samu wurin maƙalewa. Daga nan hawan jini ke somawa, shi kuma ya buɗe ƙofar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Abin tsoron, hawan jini ba ya sallama. Kana iya shekaru da shi kana jin kanka garau.

Shi ya sa a 2022 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta sanya barci cikin abubuwa 8 da take auna lafiyar zuciya da su, tare da abinci, motsa jiki da barin taba. Babba yana buƙatar awa 7 zuwa 9, 'yan shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10.

Mafita fa? Ka tsayar da lokacin kwanciya guda ɗaya, ka ajiye waya nesa da katifa. Kofi, goro, baƙin shayi da lemon ƙara kuzari, a haƙura da su daga la'asar. Wanda kuma ke munshari mai ƙarfi har numfashinsa na ɗaukewa, ya ga likita. Kuma don Allah a riƙa gwada jini, ba sai an tsufa ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ƙara mana lafiya.