Sai an Tantance Kwas Kafin Gwamnati ta Saki Kuɗi

Yau mun leƙa Amurka don ganin yadda ake horas da ma'aikatan jin daɗin jama'a, masu kula da marayu da yaran da ake zalunta.

A can, wata doka ta 1980 ta sa gwamnatin tarayya tana biyan kashi 75 cikin 100 na kuɗin horas da ma'aikatan kula da yara. Amma da sharaɗi: sai kwas ɗin ya samu amincewar masu tantancewa, ko yana kan hanyar samu. Ƙungiyar CSWE, wadda aka kafa a 1952, ita ke wannan aiki. Tana duba malamai da darussa, tana kuma wajabta koyon aiki cikin jama'a: awa 400 ga mai digirin farko, awa 900 ga mai digiri na biyu. Duk shekara 8 takan sake dubawa.

Dalili a fili yake: in aka damƙa rayuwar yaro a hannun wanda bai ƙware ba, yaron ne zai cutu.

A Najeriya, NUC ke tantance kwasa-kwasan jami'a. Kafin mu cike fom ɗin JAMB, mu bincika tukuna.