Fenti Na Jan Ƙafa, Yaro Na Girma: Yadda Manyan Masu Zane Suka Zana 'Ya'yansu

Mai zanen da ya zaunar da ɗansa ɗan shekara goma sha huɗu a gabansa, da nufin ya fitar da kamanninsa da fentin mai, ya ɗauko aiki mai wuya uku a lokaci guda. Fentin mai ba ya bushewa da wuri. Fuskar yaron da ke tashen balaga ba ta tsayawa wuri ɗaya. Sannan idon uba ko uwa yakan makara, ya ci gaba da ganin ƙaramin yaron jiya alhali saurayi ne zaune a kujera. Duk da haka, wasu daga cikin zane-zanen da aka fi ji da su a gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka daga irin wannan zama suka fito.

Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne Rembrandt, mutumin Holan. Shi da matarsa Saskia sun haifi 'ya'ya uku, duk suka rasu suna jarirai. Na huɗun, Titus, wanda aka haifa a 1641, shi kaɗai ya rayu, kuma bai cika shekara ɗaya ba uwar ta rasu a 1642. A 1655 uban ya zana shi zaune a bayan teburin rubutu, alƙalami a hannu, babban yatsa ya tokare haɓa, gidan alƙalami na reto a gaban teburin. Takarda na gabansa, amma idonsa ya tafi wani wuri. Duk wanda ya taɓa sa yaro aikin makaranta ya san wannan kallo. Zanen yana birnin Rotterdam a yau.

Rembrandt bai tsaya nan ba. Akwai wani a Vienna inda Titus ke karatu, baki a ɗan buɗe, haske na sauka a goshinsa. Akwai na Landan, wanda aka yi wajen 1657, da jar hula da sarƙar zinariya, fuskar ta fara tsawo, haɓar ta fara faɗi. A 1660 kuma ya zana shi cikin tufafin masu zaman ibada na Kirista, kai a sunkuye, wannan yana Amsterdam. Idan aka jera su, za a ga yaro yana zama namiji a cikin shekara biyar, kuma a daidai shekarun da gidansu ke rushewa. Bashi ya karya Rembrandt a 1656, aka yi gwanjon kayansa, gidan ma ya salwanta. A 1660 Titus da Hendrickje Stoffels, matar da ke zaune da uban, suka kafa kamfanin sayar da zane suka ɗauki Rembrandt a matsayin ma'aikacinsu, don masu bin bashi kada su kwashe abin da yake samu. Yaron da ke mafarki a bayan tebur ya zama garkuwar mahaifinsa yana ɗan shekara goma sha tara. Ya rasu a 1668, watanni kaɗan bayan aurensa, uban ya bi shi a 1669.

Me ya sa aikin ke cin lokaci haka? Fentin mai garin launi ne da aka kwaɓa da mai, galibi man 'ya'yan tsiron nan da ake saƙa lilin da zarensa. Shi wannan mai ba ya ƙafewa yadda ruwa ke ƙafewa. Iskar da muke shaƙa yake sha a hankali har ya daskare. Shafi mara kauri yakan ɗauki kwana biyu zuwa mako biyu kafin a taɓa shi bai kama yatsa ba, kuma launuka sun bambanta: masu ruwan ƙasa suna saurin bushewa, baƙi da wasu jajaye suna jan ƙafa. Akwai kuma ƙa'idar da kowane ɗalibin zane ke haddacewa, cewa shafin farko a tsinka shi da tina, wato ruwan tsinka fenti, ya zama mara mai sosai, kowane shafi na sama kuma ya fi na ƙasansa mai. In aka juya wannan tsari, saman zai bushe ƙasan na motsi, bayan 'yan shekaru fuskar ta tsattsage. Man sheƙin da ake rufe zanen da shi a ƙarshe kuwa, sai an jira wata shida zuwa shekara.

A cikin wannan lokaci yaron bai zauna jira ba. A shekarar da girma ya fi sauri, wajen shekara 13 zuwa 14 ga maza, 11 zuwa 12 ga mata, namiji kan ƙara tsawon da ya kai santimita 9 ko 10, mace ta ƙara kusan 8. Fuska ma ba ta girma gaba ɗaya. Ƙoƙon kai da idanu sun kusa kammala girmansu tun ana ƙanana, amma hanci da muƙamuƙi da haɓa sai a shekarun balaga suke miƙewa. A fuskar jariri, idanu suna ƙasa da tsakiyar kai. A fuskar babba, suna tsakiya daidai. Matashi yana kan hanya tsakanin biyun, shi ya sa kuskuren faɗin yatsa ɗaya kan mayar da ɗan shekara goma sha biyar ya koma ɗan goma, ko ya tsufar da shi ya kai ashirin da biyar.

Iyaye sun fi karkata wajen mayar da yaro baya. Henri Matisse na Faransa ya zana ɗansa Pierre a 1916, yana koyon kiɗan fiyano a gidansu da ke gefen Paris. Pierre na da shekara goma sha shida a lokacin, amma wanda ke cikin zanen ƙaramin yaro ne da kansa ya ɗan leƙo saman fiyanon, inuwa mai kusurwa uku ta cinye masa ido ɗaya. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ana kwasar samari zuwa fagen daga, kuma masana da dama suna ganin uban ya zana shekarun da yake so ɗan ya tsaya a kansu ne. Pierre ya girma ya zama babban dillalin zane a New York, birnin da zanen yake rataye a yanzu.

Da 'yarsa Marguerite kuwa, Matisse ya gamu da wata tambayar: me za a nuna, me za a rufe? Tana ƙarama cutar mashaƙo ta kama ta, aka huda mata maƙogwaro don ta samu numfashi, tabon ya zauna. Shi ya sa a zane bayan zane, tun tana 'yar shekara goma sha biyu har ta zama cikakkiyar mace, ake ganin baƙin ƙyalle ɗaure a wuyanta ko riga mai doguwar wuya. Uban bai zana tabon ba, bai kuma yi kamar babu abin da ake rufewa ba. Ya zana ta yadda ita take fita gaban mutane. Ɗaya daga cikin waɗannan zane-zane mai zane Picasso ya zaɓa lokacin da su biyun suka yi musayar ayyuka a 1907. A 2025 wani gidan adana zane a Paris ya tara ayyuka fiye da ɗari da uban ya yi a kan wannan 'ya ɗaya, ya baje su ga jama'a.

Wannan darasi ya shafi kowane mai zane da ke da matashi a gida. Ɗan shekara goma sha biyar ya fi kowa sanin ƙurajen fuskarsa da girman hancinsa da kunnuwansa. Baƙon da ya biya kuɗi a zana shi, in bai ji daɗi ba, zai ɗauki abinsa ya tafi ko ya ƙi biya. Ɗa kuwa zai kwana ya tashi da zanen a bangon falo, abokansa su shigo su gani. Don haka masu koyar da zane sukan ba da shawarar a bar matashin ya zaɓi tufafinsa da irin zaman da zai yi, a riƙa nuna masa aikin yana tafiya, a kuma nemi yardarsa kafin a kai shi baje koli.

Uwaye ma ba a bar su a baya ba. Berthe Morisot ta zana 'yarta tilo Julie Manet tun tana cikin zanen goyo. A 1893, shekara guda bayan rasuwar mijinta Eugène, ta zana Julie cikin baƙar riga, doguwar karyarta a gabanta, kujera ɗaya babu kowa a gefe. A 1894 ta sake zana ta cikin fararen kaya, ta yi tagumi, tana kallon mai kallonta ba tare da murmushi ba. A farkon 1895 Julie ta kwanta rashin lafiya, uwar ta yi jinyarta har ita ma ta kamu, ta rasu a watan Maris tana da shekara 54. Julie na da goma sha shida. Littafin da yarinyar ke rubuta al'amuran yau da kullum a ciki, wanda ta fara tun tana goma sha huɗu, an buga shi bayan rasuwar Julie, kuma yana cikin wurare kaɗan da aka ji muryar wadda aka zana maimakon ta mai zanen.

Sai batun zaman kansa. Paul Cézanne ya yi suna wajen wahalar da masu zauna masa. Dillalin zane Ambroise Vollard ya ba da labarin cewa sau 115 ya zauna masa, kuma duk da haka aikin bai ƙare ba. Ɗan Cézanne, shi ma Paul, ya sha wannan zama tun yana ƙarami, kuma yana ɗan goma sha shida a 1888 ya tsaya masa cikin kayan 'yan wasan barkwanci masu ja da baƙi, a zanen da ke Mosko yanzu. Ba kowane yaro ke da wannan haƙuri ba. Claude, autan Auguste Renoir, ya tuna yadda sai da aka haɗa da lallashi da barazana da alkawarin kayan wasa kafin ya yarda ya sa doguwar safa mai ƙaiƙayi don zanen 1909. Shi yana ɗan takwas ne. Matashi ba ya sayuwa da kayan wasa.

Abin da masu sana'ar ke yi shi ne su raba zaman gida-gida, minti ashirin ko ashirin da biyar, sannan hutu. Sukan sa alamar alli a ƙasa inda ƙafafun kujera suke, don gobe a dawo daidai wurin. Haske daga taga ɗaya ake so, ta gefe, a kuma sa'a ɗaya ta yini, domin inuwar hanci da safe daban take da ta la'asar. Sukan fara da fuska da hannuwa tun yaron bai gaji ba, riga kuma a rataye ta a kujera a zana ta daga baya. Yawan zane-zanen da ake ganin yara suna karatu ko ɗinki ko kiɗa ba don ado ba ne kawai. Littafi a hannu shi ne hanya mafi sauƙi ta tsayar da kai wuri ɗaya.

Launuka ba sai sun yi yawa ba. Ana danganta wa Anders Zorn na Suwidin haɗin launi huɗu kacal, fari da baƙi da ja da rawaya mai ruwan ƙasa, kuma da su ɗalibai da yawa ke koyon zanen fata har yau. Ga mai zanen fata mai duhu, babban tarko shi ne ya ɗauko baƙin fenti ya shafa. Fuskar takan mutu. Ana gina ta ne da ruwan ƙasa mai ja-ja da mai duhu, a gauraya da shuɗi a wuraren inuwa, a lura kuma da yadda goshi da kumatu ke ɗaukar launin sama ko na rigar da aka sa. Masu zanen Najeriya sun daɗe da ƙwarewa a nan, tun daga Aina Onabolu da ya fara zanen fuskokin mutanen Legas a farkon ƙarni na 20, zuwa Ben Enwonwu, wanda aka sayar da zanensa na Tutu a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2, zuwa waɗanda sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ke yayewa. Mai aiki a Zariya ko Kano ko Maraɗi yana da ƙarin abokin gaba: ƙurar hunturu, wadda in ta hau ɗanyen fenti ba ta fita. Sai a juya fuskar zanen ta kalli bango har ya sha iska. A ko'ina kuma, ɗakin da ake amfani da tina yana buƙatar taga a buɗe, tsumman da ya jiƙe da man fenti kuma ba a dunƙule shi a jefa lungu, don yana iya kama wuta da kansa.

Daga ƙarshe zanen yakan koma hannun wanda aka zana. A 1910 Renoir, wanda ciwon gaɓoɓi ya riga ya lanƙwashe masa yatsu, ya zana ɗansa Jean tsaye cikin shuɗin kayan farauta, bindiga a hannu ɗaya, ɗayan a ƙugu, kare a ƙafarsa. Jean bai wuce goma sha shida ba. Ya girma ya zama ɗaya daga cikin manyan daraktocin fim na Faransa, kuma a shekarun 1920 ya sayar da zane-zanen mahaifinsa da dama don ya biya kuɗin finafinansa na farko. Wannan zane na kayan farauta kuwa bai sayar da shi ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya kai shi Amurka, zanen ya zauna a gidansa na Kalifoniya har ya rasu a 1979, sannan iyalinsa suka miƙa shi ga gidan adana zane na Los Angeles.