Daga tokar kaka zuwa buhun masana'anta



Tun da aka rufe mahaƙar Cominak ta Akokan a watan Maris na 2021, gidaje da yawa suka rasa albashi, mata kuma suka koma ga ƙananan sana'o'i, ciki har da sabulu. A taronmu na Laraba wata 'yar ƙungiya ta ce: "Yaya, wannan farin garin da ake cewa fotas, mene ne shi? In ci bashin asusu in saya?"

Ai kun san shi! Kakanninmu kan ƙona karan gero, su zuba tokar a tukunya mai huji, su tsiyaye ruwan. In aka dafa ruwan tokar nan har ya ƙafe, gishirin da ya rage shi ne fotas, wanda masana ke kira fotasiyam kabonet. Shi ke haɗuwa da mai ya ba da sabulun salo.

Turawa ma da toka suka fara. Yanzu kuwa wani gishiri ake haƙowa a ƙarƙashin ƙasa, a Kanada da Rasha. A masana'anta sai a narka shi, a ratsa shi da wutar lantarki ya zama ruwa mai kaifin gaske, sannan a hura masa irin iskar da ke fita in an ƙona gawayi. A busar, a ɗura a buhu. Masu gilashi da masu sabulu ke saye.

To ga inda za mu kula. Na buhu ya fi ruwan toka ƙarfi nesa ba kusa ba, sai da awo. Kuma shi daban, kanwa daban, soda daban; soda ta fi shi cin fata. A sa safar hannu, a kawar da yara. Kada a jiƙa shi a tukunyar alminiyam, yana cinye ta. A nemi robar da ke da kauri. Tokar gawayin dutse ba ta yin wannan aiki. Ganga ko ƙarfen da ya fito daga mahaƙa kuwa, ko kyauta ne, a bar shi: an sha samun masu gubar yuraniyom a kasuwar Arlit.

Abin da muka yanke: a gwada da kilo ɗaya, a rubuta abin da aka kashe da abin da aka samu, kafin a taɓa kuɗin akwati. Kuɗin nan guminmu ne duka.

Allah ya sa albarka.