Hoton kan bakwaini ba shi ke zubar da jini a ƙwaƙwalwa ba

Wani saƙon murya na yawo a WhatsApp, daga zauren matan unguwa zuwa na dangi, ya zaga unguwannin Jekadafari da Pantami da Bolari a Gombe, har ya iso mini ta hannun mutanen da nake ganin girmansu. Mai maganar ba ta faɗi sunanta ba, ba ta faɗi asibitin ba. Rantsuwa kawai take yi cewa duk wadda ta haifi bakwaini aka sa shi a kwalba, kada ta yarda a yi masa hoton kai. Wai na'urar tana ƙona ƙwaƙwalwa, wai dannawar da ake yi a maɗiga tana fasa jijiya. Hujjarta ita ce wani jariri da yake lafiya ƙalau, aka ɗora masa na'ura, washegari likita ya ce jini ya zuba.

Sauran maganganunta ba su da nauyi. Man da ake shafawa ba guba ba ne, ba ya ratsa fata, aikinsa ya kore iska tsakanin na'ura da kai, a gama a goge. Batun wai dabarar cin kuɗi ce kuwa, kowa ya san jinyar bakwaini na karya aljihu, amma tsadar gwaji ba ta mayar da shi yaudara.

Zancen zubar jinin ne ke iya salwantar da rai, don shi ke sa uba ya ce a ba shi takarda ya sa hannu a sallame su.

Jaririn da aka haifa kafin mako 32, ko wanda nauyinsa bai kai kilo 1.5 ba, yana da wani yanki can tsakiyar ƙwaƙwalwa, gefen ramukan da ruwan ƙwaƙwalwa ke zama, wanda ke cike da ƙananan jijiyoyin jini marasa ƙwari. Idan ciki ya kusa cika wata tara, yankin yakan ƙanƙance da kansa. Bakwaini ya fito kafin haka. Wahalar numfashi, ko hawa da saukar ƙarfin jini, ko cutar da ta shiga jini, kowanne na iya fasa jijiyoyin. Kusan rabin irin wannan zubar jini a ranar farko yake faruwa, mafi yawansa cikin kwana uku. Sau da yawa kuma babu alamar da ido zai gani: jariri na kwance yana motsi, uwa na ganin lafiya lau. Hoton kuwa galibi a makon farko ko na biyu ake yin sa. To wanne ya riga wani? Kamar mutum ne ya haska tocila a ɗaki ya ga kunama, a ce tocilar ce ta kawo ta.

Tarihi ma shaida ne. A 1978 wata likita a Amurka, Lu-Ann Papile, da abokan aikinta suka duba jarirai 46 da nauyinsu bai kai kilo 1.5 ba, suka sami zubar jini a kan 20. Da na'urar CT suka duba su, lokacin hoton maɗiga bai zama ruwan dare ba. Matakai huɗu da suka tsara na auna girman matsalar, da su likitoci ke aiki har yau.

Ita na'urar, irin wadda aka yi wa uwar hoton ciki da ita ce a wurin awo. Sauti take aikawa wanda kunne ba ya ji, ya dawo, ta mayar da shi hoto. Babu irin hasken da ke cikin hoton ƙashi ko CT. Gaskiya ne sautin na iya ɗumama nama kaɗan idan aka ƙara ƙarfi aka daɗe, shi ya sa ake rage ƙarfin, a gama cikin 'yan mintuna. Fiye da shekara arba'in ana wannan hoto a duniya, ba a sami shaidar da ta nuna yana fasa jijiya ba. Wanda ya taɓa gani ya san yadda ake yi: a buɗe ƙofar kwalba, a ɗiga man, a ɗora bakin na'urar a hankali daidai inda maɗiga ke bugawa, a karkata shi gaba da baya, dama da hagu. Jarirai da yawa barcinsu suke yi. Ba na ganin laifin uwar da gabanta ya faɗi, don tun muna yara ake kwaɓar mu kada mu taɓa maɗigar jariri. Sai dai ƙarƙashin fatar akwai tantani mai ƙarfi, kuma saboda babu ƙashi a wurin ne sauti ke samun hanyar shiga.

Me ake rasawa idan aka ƙi? A mataki na ɗaya da na biyu jinin yakan tsotse da kansa, yawancin yaran su tashi lafiya. Don haka jin an ce akwai jini ba hukuncin nakasa ba ne. A na uku da na huɗu gudan jini na iya toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa, ruwa ya taru yana matsa ta. Hoto na ganin ramukan suna faɗi kafin tef ɗin da nas ke zagaya kai da shi ya nuna kumburi. A lokacin ana iya rage ruwan da allura ta baya, ko a yi aiki a sa siririn bututu. Wanda aka ɗauko daga Dukku ko Kaltungo zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, aka mayar da shi gida saboda saƙon waya, wa zai ga wannan? Ga sanyin hunturu, ga shi bai iya kama nono ba tukuna. Wadda ta naɗi saƙon tana iya kasancewa uwa ce da ta yi rashi, Allah ya ba ta haƙuri. Amma wanda ya danna turawa ba tare da ya tambayi ko nas ɗaya ba, da sunan wai ceton al'umma, ba shi da uzuri. Ma'aikatan lafiya su ma da nasu laifin: idan aka turo na'ura aka wuce uwa ba a ce mata komai ba, waya ce za ta yi mata bayani.

Abu ɗaya a saƙon yana da ƙamshin gaskiya: akwai yaron da hotonsa ya fito babu komai, daga baya aka ga bai zauna ko bai yi tafiya kan lokaci ba. Haka ne. Hoton maɗiga ya ƙware wajen ganin jini da taruwar ruwa, amma ƙananan raunuka na iya kuɓuce masa, wasu kuma sai bayan makonni suke bayyana. Shi ya sa ake maimaitawa wajen lokacin da ya kamata a haifi jaririn, wani lokaci a nemi MRI, a kuma ci gaba da kawo shi ana duba girmansa.

Idan likita ya ce an ga jini, a tambaye shi mataki na nawa ne, gefe ɗaya ko biyu, yaushe za a sake hoto. Mai cikin da naƙuda ta taso mata kafin lokaci kuma a hanzarta kai ta asibiti, domin allurar dexamethasone da ake yi wa uwa kafin haihuwa tana ƙarfafa huhun jariri, tana rage zubar jinin. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 2020, wanda asibitocin Najeriya ke ciki, ya nuna tana rage mutuwar bakwaini.