Yadda ake haɗa irin furen azaliya, da dalilin da ya sa ake zubar da mafi yawan 'ya'yan

Idan ka taɓa shuka ƙwallon mangwaro mai zaƙi, ka jira shekaru, ƙarshe ya ba ka mai zare da tsami, to ka riga ka san matsalar masu haɗa irin furanni. Ɗan da ya fito daga iri ba dole ba ne ya gaji uwarsa. Wannan rashin tabbas da ke ɓata wa mai lambu rai, shi ne jarin masu samar da sababbin nau'o'in azaliya.

Azaliya ƙaramar bishiya ce ta ado daga dangin da masana ke kira Rhododendron. Asalin yawancinta gabashin Asiya ne da Arewacin Amurka, kuma tana son ƙasa mai tsami, wadda ma'aunin pH ɗinta yake tsakanin 4.5 da 6. A Jafan an daɗe ana renonta. Tun a 1692 wani mai lambu, Ito Ihei, ya rubuta littafi a kan nau'o'inta.

Yadda ake haɗin

Kowane fure yana da ɓangaren namiji da na mace. Na namijin wasu siraran zarurruka ne, biyar zuwa goma, kowanne da 'yar jaka a kai mai ɗauke da ƙurar barbara. Na macen sanda ɗaya ce a tsakiya, mai ɗan kai da ke yin danƙo idan ta shirya karɓar ƙurar.

Mai haɗin zai fara da zaɓen iyaye bisa wata manufa, misali wannan tana jure sanyi amma furenta ƙarami ne, waccan furenta babba ne amma sanyi na kashe ta. Kafin furen uwar ya buɗe, sai ya cire ganyen furen da zarurrukan namiji duka. Da haka furen ba zai barbari kansa ba, zuma ma ba za ta ga abin da zai jawo ta ba. Sai ya ɗauko ƙura daga uban. Ƙurar azaliya ba ta tashi kamar gari, tana fitowa ne ta wata 'yar ƙofa a saman jakar, a sarƙe cikin zare mai yauƙi, don haka shafa ta a kan macen ba wuya. Daga nan sai a rataya takarda, a rubuta sunan uwa da farko, sannan na uba. Wanda bai rubuta ba, ko ya dace da abin mamaki ba zai iya maimaita shi ba.

Bayan watanni kwanson iri zai nuna. 'Ya'yan ciki ƙanana ne ƙwarai, sun fi na gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ana barbaɗa su a saman gansakuka mai laima, ba a rufe su da ƙasa, domin suna buƙatar haske kafin su tsiro. Cikin 'yan makonni za su fito, amma fure sai bayan shekara biyu zuwa huɗu.

Zaɓe shi ne ainihin aikin

Me ya sa 'ya'yan kwanso ɗaya ke bambanta? Kowane iri ya ɗauki rabin ƙwayoyin gadonsa daga uwa, rabi daga uba, kuma a kowane karo rabon daban yake faɗawa. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma kowa da halinsa, kamar dai a gidan mutane.

A nan ne fa ido ke yaudara. Furen da ya fi kyau a shekarar farko yana iya kasancewa a kan tsiro mai raunin saiwa, wanda ruɓa za ta kashe da zarar ruwa ya kwanta. Saboda haka ana bin tsiron shekaru ana dubawa: ya jure sanyi da zafi? Cuta na kama ganyensa ko furensa? Tsayuwarsa a tattare take ko a baje? Launin yana riƙewa a rana ko yana koɗewa? Idan an yanki reshensa an dasa, yana yin saiwa da sauƙi? Wanda ya faɗi wannan tambaya ta ƙarshe da wuya ya kai kasuwa, komai kyansa.

Dubi aikin Benjamin Morrison na ma'aikatar gona ta Amurka. Ya fara babban aikin haɗinsa a 1935 a Glenn Dale da ke jihar Maryland, yana neman manyan furanni da za su iya jure hunturun yankin birnin Washington. Ya tsirar da dubban 'ya'ya, amma 454 ne aka raɗa wa suna. Daga baya, a jihar Louisiana, Robert Lee ya haɗa nau'o'in da ke fure a bazara da wani daga Taiwan, Rhododendron oldhamii, aka samu azaliyar Encore mai sake fure bayan bazara ta wuce.

To idan an zaɓi gwarzo, yaya ake yaɗa shi? Ba da irinsa ba, domin irin zai sake cakuɗa gadon, a koma gidan jiya. Reshe ake yanka a dasa, don kowane sabon tsiro ya zama kwafin na farko. Hikimar da ke cikin auren mangwaro kenan: barbara tana kawo sabon hali, reshe kuma yana adana shi. Sunan sabon nau'in ana yi masa rajista ne a ƙungiyar Royal Horticultural Society ta Ingila, wadda ke riƙe da kundin sunayen wannan dangi na duniya.

Ko da azaliya ba za ta yi a ƙasar gidanku ba, ka'idar ɗaya ce da ta masu inganta irin wake da dawa: ka san abin da kake nema kafin ka haɗa, ka rubuta komai, ka tsirar da yawa, sannan kada tausayi ya hana ka tuge wanda bai cika sharaɗi ba.