Asusun Kyanwa A Unguwar Sparkhill

A Kano ko Zariya kyanwa ita ke kiwon kanta, in ta yi ciwo sai a bar wa Allah. A unguwar Sparkhill da ke Birmingham kuwa, lamarin ya sha bamban. Dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai kyanwa ko kare alhakin nema masa magani, ita kuwa NHS ta mutane ce kawai. Tun daga 10 ga Yuni 2024 ma, wanda bai sa wa kyanwarsa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata ba yana iya biyan tara har fam 500.

Ciwon dare shi ke karya aljihu. Muzuru in fitsari ya toshe masa yana iya mutuwa cikin kwana biyu zuwa uku, ga shi kuɗin likitan dare ya ɗara na rana nesa ba kusa ba. Ƙungiyar PDSA, wadda aka kafa a 1917, masu karɓar tallafin gwamnati take dubawa. Inshora kuma galibi ba ta biyan ciwon da ya riga rajista. Don haka gara mai gida ya riƙa ware ko da fam goma ne duk wata, a asusun banki na daban da hannun cefane ba ya kaiwa.